Ranar da Ka Rubuta Mini "Ku"

Pasvalys, Talata 14 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga Steponas Gaidelis,

Ya sanyin idona, ya zumar farkon bazara, ya inuwar da na yi shekara goma ina tafiya zuwa gare ta! Ya masoyina, ya matsoraci! Gaisuwa gare ka gwargwadon ganyen da iska ke kakkaɓewa a bakin kogin Mūša cikin wannan wata, gaisuwa gwargwadon kwanakin da na yi ina kiran sunanka a ƙasar da yawu ke daskarewa kafin ya taɓa ƙasa. Kana lafiya? Na san lafiyarka ƙalau. Na gan ka da idona ranar Litinin ta makon jiya. Ka yi ƙiba, wuyanka ya cika kwalar riga, gashinka ya kwanta luf da mai. Mutum ba ya irin wannan kyau sai in yana samun barci, ni kuwa har yanzu na kasa gane yadda aka yi barci yake ɗaukar ka.

Takardarka ta iso jiya. Takarda na ce, don bakina ba zai iya kiranta wasiƙa ba. Gwaggo Apolonija, wadda nake raɓe a ɗakinta tun da na dawo, ita ta karɓa a ƙofa, ta shigo tana jujjuya ambulan tana cewa, "Teklė, daga makaranta ne, 'yata. Ƙila Allah ya taɓa zuciyar mutumin naki." Na buɗe. Ban ga rubutun hannunka ba, keken rubutu ne ya yi maka aikin. Layi goma sha ɗaya ne, kuma a cikinsu ka ce mini Jūs, wato Ku, sau tara. Ku! Ni ce ku, Steponas? Ni da wa? Ni da gawar uwata ko ni da gawar ubana? "Muna sanar da Ku cewa babu gurbin aiki a wannan makaranta. Muna kuma roƙon Ku da Ku maido duk wata takarda ta shugaban makaranta da Kuke riƙe da ita." Kowane ɗaya da babban baƙi, a tsaye ƙiƙam kamar soja a bakin ƙofa.

Babu kuskure ko ɗaya, na yaba maka. Duk malamin yaren Lituwaniya da ya duba zai ba ka cikakken maki, don haka ƙa'ida ta ce: in kana rubuta wa mutum ɗaya da kake ganin girmansa, ka ɗaga masa baƙin farko. To ka girmama ni, na gode. Irin girmamawar da ake yi wa gawa ka yi mini, a cire mata hula, a sunkuyar da kai, a kuma ja da baya saboda wari.

Wa ya koya mini wannan ƙa'ida in ba kai ba? Ka tuna, ko kujera ta goge maka? Watan Yuli ne, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Shukar lilin ta gonar babana, wadda ake saƙa zane da zarenta, ta yi fure, shuɗi shar tun daga bayan rumbu har bakin kogi, kamar sama ce ta sauko ta kwanta ta huta. An tashi daga coci, ka biyo ni har gadar katako, kunnuwanka sun yi ja, ka cusa mini takarda a hannu ka juya baya kana kallon ruwa. Kana ɗan shekara ashirin da biyu, kana gab da gama makarantar horon malamai. Ni ina da sha tara, aji huɗu kacal na yi aka mayar da ni tatsar shanu. Da yatsa nake bin layi. Sai na ga Tu, wato ke, a tsakiyar jimla, T ɗinsa ya miƙe ya fi sauran baƙaƙe tsawo. Na yi murna na kama malami da kuskure, na ce, "Kai, ɗan boko, ashe kai ma kana ɓata rubutu? Me ya tsayar da wannan a tsakiyar hanya?" Ka juyo ka ce, "Ba kuskure ba ne. A wasiƙa haka ake rubuta ke, in wadda ake rubuta wa tana da daraja." Na ce, "Ni dai a littafin addu'a kaɗai nake ganin haka, in ana magana da Ubangiji." Ka yi dariya har ka dafa katakon gada, ka ce, "To kada ki gaya wa fadan coci, sai ya sa ni azumi."

Wayyo ni, wayyo ranar nan! Da na san abin da ke gaba, da na saki takardar ta bi ruwa. Amma ina! Na koma gida ina jin na ƙara tsawo. Ni da ba a taɓa kira sai don a aike ni, ga ni an tsayar da ni a kan takarda, an yi mini rufi a ka. Aka sa ranar aurenmu bayan girbin shekara mai zuwa. Innata ta fara saƙa zannuwan gado.

Ba mu kai girbin ba. Ka san safiyar watan Mayu da Rashawa suka kwashe mu, ni da Baba da Inna, saboda laifin gona mai faɗi da dawakai uku. Kana Panevėžys kana jarrabawa, ban riƙe ka da wannan ba ko sau ɗaya. Kwana goma sha bakwai muka yi a taragon shanu. Aka sauke mu a dajin Sibiriya, aka miƙa mini zarto. Baba bai ga ƙarshen sanyin farko ba. Inna ta jure har na biyar, kuma sai da muka yi kwana biyu muna hura wuta a kan ƙasa kafin ta yi laushin da za a haƙa mata kabari. A can ba ni da suna. Layi ce ni a cikin littafin kwamanda, duk wata in je in sa hannu cewa ban gudu ba. Shugaban masu saran itace kuwa in zai kira ni sai dai ya ce, "Ke, 'yar masu dawakai, ɗaga ƙafa!"

Sai wasiƙunka suka fara zuwa. Ya ruwan da ya sauka a kan ƙonanniyar gona! Ya hasken da ya tsaga gajimare! Wasu ta gidan waya da sunan gwaggonka ta wani gari, wasu a naɗe cikin ƙunshin kitse mai gishiri da busasshiyar tuffa da mahaifiyarka ke aiko mini. Arba'in da ɗaya cikin shekara takwas. A duk faɗin dajin nan, inda itace ya fi mutum daraja, wuri ɗaya ne kaɗai nake tsaye da babban baƙi, a cikin tawadarka. Ke, Ki, Miki, Naki, ko'ina ka ɗaga ni. Akwai wata tsohuwa a ɗakin katakon da muke kwana mu talatin, Iya Barbora, ba ta iya karatu ba. In wasiƙa ta zo sai ta matso ta ce, "Nuna mini inda kike, 'yar nan." In ɗora yatsanta a kan T. Ta yi ta shafawa tana cewa, "Oho, ji yadda ya yi miki rumfa! Wannan zai gina miki gida, ki riƙe shi da kyau." Ta rasu tana ganin ka mutumin kirki. Na yi mata murna da ba ta kai yau ba.

Kuma ba zaƙin baki kaɗai ke cikinsu ba, kai ma ka sani, shi ya sa hankalinka ya tashi. Waɗanda suka zo cikin ƙunshin kitse, a cikinsu ka zagi waɗanda suka kwashe mu. Ka kira su da sunan da ya dace da su. Ka rubuta cewa ƙasar nan tamu ce kuma za ta dawo hannunmu ko bayan ranmu. Zaki ne kai a lokacin, Steponas! Ina karantawa ina jin ɗumi har yatsun ƙafata da sanyi ya cinye. Ina zakin nan ya tafi? Wa ya yanka shi ya ba ka fatarsa kake shimfiɗawa a kan kujera?

Na ga alama tun da wuri, na rufe idona. Shekara uku da suka wuce ka rubuto cewa an ba ka shugabancin makaranta. Ba ka faɗi jan katin jam'iyya da ka karɓa ba, a bakin wasu na ji. Wasiƙu suka koma biyu a shekara, suka koma ɗaya. A ta ƙarshe, wuri biyu ka rubuta ni da ƙaramin baƙi. Na zauna a kan kututture ina kallon wuraren nan biyu kamar mai kallon ƙurji a jikin jariri. Na ce gajiya ce. Na ce sauri yake yi, yara sun yi masa yawa. Na ce alƙalami ne ya zame. Babu uzurin da ban ƙirƙiro maka ba, ni wawiya, ni makauniyar da ta zaɓi makantarta!

Da aka sallame ni bana, kwana tara na yi a jirgi ban ji yunwa ba. Na sauka na durƙusa na sumbaci ƙasar tasha, mutane na kallona. Gidanmu na tarar an mayar da shi ma'ajin takin zamani na gonar gwamnati, tagar ɗakin Inna an toshe da buhu. Ban yi kuka ba, na ce ai ina da inda zan sa kaina. A ofis suka ce wanda ya dawo daga can ba zai zauna a gundumar nan ba sai yana da aiki a hannu da sa hannun mai ba shi aikin. Sai Gwaggo ta dawo daga kasuwa da gudu ta ce, "Ke, Allah ya yanke miki wahala! Matar da ke hura murhun makaranta ta bar aiki, ƙafa ta hana ta. Je ki wurin Steponas, sa hannu ɗaya ne." Hura murhu, Steponas! Ɗaukar itace da kwashe toka. Ban zo in ce ka aure ni ba, ban zo in ce ka tuna alkawari ba. Na san shekara goma ta ci fuskata, haƙorana biyu na gaba suna can cikin dajin. Toka na zo roƙo, ita ma ka hana ni.

Ka tuna yadda aka yi, ko in tuna maka? Ana tsakiyar hutun ƙarfe goma na shigo. Kana tsaye a baranda da malamai biyu, kana riƙe da kofin shayi. Ka ɗago ka gan ni. Na ga ka gane ni, kada ka yi mini ƙarya, na ga shayin ya zuba a kan yatsanka ba ka ji zafi ba. Zuciyata ta tashi kamar garken tsuntsaye daga gonar hatsi. Sai ka buɗe baki ka ce, "Wa kuke nema?" Na waiga bayana, na rantse da Allah na waiga, na ɗauka wasu ne suka biyo ni. Na ce, "Steponas, ni ce." Ka ce, "Na san ko ku wace ce. In maganar aiki ce, ku rubuta takarda ku bar wa magatakarda, za a ba ku amsa." Ɗaya daga cikin malaman, mai jan baki, ta dubi takalmina ta dubi 'yar'uwarta. Ka juya ka shiga ofis, ka rufe ƙofa a hankali, cikin ladabi, ko ƙara ba ta yi ba.

An zage ni da Rashanci shekara goma. An mare ni, an tofa mini yawu, an hana ni burodi don ban cika ma'aunin itace ba. Babu wanda ya taɓa kai ni ƙasa kamar ladabinka. Da ma wata mace ce ta ƙwace ka, da na san wadda zan tsana, da na san fuskar da zan riƙa gani in ina sara itace. Amma kujera! Kujera da kofin shayi da maɓallin ofis! Da waɗannan aka yi mini kishiya?

Yanzu saurari abin da ba ka sani ba, ka kuma zauna kafin ka karanta.

Ashe ba kai kaɗai ke tunanin wasiƙun nan ba. Yau da safe aka aiko kirana zuwa gidan nan na 'yan sandan ciki mai labule a kowace taga, ka san wanda nake nufi. Wani mutum ne mai fara'a, bai faɗi sunansa ba. Shi bai ce mini ku ba. Ya ja mini kujera da kansa ya ce, "Zauna mana, Teklė, ki sha shayi, kin sha hanya. Mun san Kwamared Gaidelis yana rubuto miki can. Mu ba ruwanmu da soyayya, mu ma mun yi tamu. Ki kawo mana wasiƙun, dubawa kawai za mu yi mu mayar miki da abinki." Ya zaro takarda ya ajiye a gabana. Takardar izinin zama ce. Ga sunana, ga sunan garin nan, ga lambar gidan Gwaggo. Ya ɗauki hatimi yana wasa da shi a hannu ya ce, "Wannan kaɗai ya rage. Ai kin ga yadda ya karɓe ki a makaranta, duk gari ya ji. Me za ki ci gaba da rufa masa?"

Wasiƙun suna jikina a lokacin, Steponas. Duk arba'in da ɗayan, a ɗinke cikin shafin rigar sanyina, inda suka shekara suna kwana. In na yi numfashi da ƙarfi ina jin motsinsu. Almakashi kawai zan nema, in farke ɗinki ɗaya, in kwana a garinmu har ƙarshen raina, in riƙa zuwa cocin da aka yi mini baftisma, a binne ni kusa da kakannina. Kai kuwa a sa ka a taragon da na sauka daga ciki, ka je ka koyi yadda ake riƙe zarto da yatsu daskararru. Kada ka ɗauka ban so ba. Na so! Na so har bakina ya cika da yawu! Na hango ka a can, wuyan nan naka ya zube, kana jiran wasiƙar da ba za ta zo ba, raina ya yi fari tas.

Sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, a can sanyi ne sarki. Duk takardar da ta zo, murhu ne ke karanta ta ƙarshe. Ko guntu ban dawo da shi ba." Ya daɗe yana kallona. Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ashe dajin bai koya miki komai ba." Ya mayar da takardar cikin aljihun tebur ya murɗa maɓalli. Ya ce, "Kwana uku. Lituwaniya ta cika, ki gwada maƙwabta."

Da na gaya wa Gwaggo, zama ta yi daɓas a kan buhun dankali ta ɗora hannu a ka. Ta ce, "Kin ba da ƙasarki saboda wannan? Wannan mai wuyan rago da ya ce miki ku a gaban mutane? Ke kam uwarki ta haifi wawiya, Allah ya ji ƙanta!" Gaskiya ta faɗa.

Kada ka kuskura ka gode mini. Kada ka sa a ranka cewa dominka na yi, ya kai dusar ƙanƙarar da ta yi kyau daga nesa ta kashe shuka daga kusa! Saboda saurayin da ya tsaya a gadar katako kunnuwansa ja na yi, shi da ba ka gaji komai nasa ba sai suna. Kuma ga amsar takardarka, tunda amsa kake jira: ba zan maido ba. Ba naka ba ne. Shugaban makaranta bai taɓa rubuto mini komai ba sai layi goma sha ɗaya, waɗannan kuwa ga su nan na haɗo maka cikin ambulan, ka adana abinka. Sauran suna wurina, babu idon da zai gan su, ba naka ba, ba nasu ba. Ka ci gaba da zama kana tsoro in ka ga dama, ni dai na gaya maka.

Gwaggo za ta ba mahaifiyarka wannan wasiƙa hannu da hannu gobe a kasuwa. Ka gaishe ta, ita ba ta taɓa canza mini fuska ba, ranar Lahadi ma a bayan coci ta rungume ni tana kuka tana cewa in yi haƙuri da kai. In ka gama karantawa ka jefa a wuta. Na san hannunka ba zai yi rawa ba.

Jibi Alhamis zan bi motar safe zuwa Bauska, can ƙasar Latbiya. Wata da muka ja zarto ɗaya da ita shekara shida, Ausma, ta ce gonarsu na neman mai tatsar shanu, kuma a can ba sa tsananta tambaya. Ka ji ikon Allah: na ƙetaro rabin duniya don in zo in tsaya tafiyar awa ɗaya daga gida. In iska ta kaɗo daga kudu zan ji ƙanshin hayaƙin garinmu, in sani kana nan kana shan shayinka, in tsine maka, in kuma yi maka addu'a, duk a numfashi ɗaya. Me ka yi mini haka, ya ƙayar da ta shige nama ta ƙi fita? Wane irin ciwo ne kai, da ba ya kisa kuma ba ya warkewa? Na nemi tsanarka ta cika zuciyata ta kori sauran, na ba ta wuri, na ba ta abinci, amma kullum na duba sai in tarar da son yana zaune a gefenta ya ƙi tashi.

Abu ɗaya nake roƙon ka, kuma shi ne na ƙarshe. Motar tana tashi ƙarfe bakwai daga bakin kasuwa. Kada ka zo. Kada ka tsaya a nesa ka ɗaga kwala kana leƙe ta bayan rumfar mai burodi. Kada ka bari in ga ko gefen hularka. Na san kaina, Steponas. In na gan ka zan yafe maka nan take, tun kafin ka buɗe baki, ni kuwa ban shirya yafe maka ba. Ka bar mini fushina, shi kaɗai ne guzurin da zan tafi da shi.

Ba zan auri kowa ba, ba zan kira sunan kowa ba, ba don ka cancanta ba, sai don zuciyar da Allah ya ba ni ba ta san hanyar komawa ba.

Taka, ko ka so ko ka ƙi, har ranar da ƙasar wasu za ta rufe mini ido,

Teklė Daunoraitė